Cehel Sutun: Tarihin Rumfar Katakon da Sarakunan Farisa Suka Karɓi Baƙi a Inuwarta

Gabatarwa

A tsakiyar birnin Isfahan na ƙasar Iran akwai wani lambu da faɗinsa ya kusa hekta 7. A cikinsa an gina dogon tafki mai tsawon mita 110, a ƙarshen tafkin kuma wata ƙatuwar rumfa ce ta katako tsaye a kan ginshiƙai 20. Mutanen ƙasar suna kiranta Cehel Sutun, wato “ginshiƙai arba'in” da Farisanci. Bayanin da aka fi ji a bakin masu yi wa baƙi jagora shi ne, idan mutum ya tsaya a ɗaya ƙarshen tafkin zai ga ashirin a tsaye, ashirin kuma a cikin ruwa. Masana harshe suna ƙara cewa arba'in a Farisanci kan ɗauki ma'anar “da yawa”, kamar yadda Bahaushe kan ce ya faɗa maka sau ɗari alhali bai ƙirga ba.

Wannan maƙala za ta bi tarihin ginin: inda aka samo fasalinsa, yadda aka haɗa katakonsa, abin da aka yi a ƙarƙashinsa, da yadda ya tsira har yau alhali takwarorinsa sun rushe. Abin da nake so ɗalibi ya lura da shi shi ne cewa a Isfahan ta ƙarni na 17 saukar baƙo wani reshe ne na mulki, kuma an tsara rumfar nan, tun daga tsayin ginshiƙanta har zuwa inda ta fuskanta, domin ta yi wannan aiki.

Kalmomi biyu kafin a shiga

Irin wannan gini sunansa *talar* a Farisanci: rufi mai faɗi a kan dogayen ginshiƙan katako, a buɗe ta ɓangare uku, ɓangare na huɗu kuma yana jingine da ginin bulo. Mai fassara zuwa Hausa zai yi jinkiri a kansa. Idan ya ce zaure, ya kama aikin wurin, domin a nan ake karɓar baƙi, sai dai zaure yana da bango ta ko'ina. Idan ya ce baranda, ya kama yadda yake manne da gida, amma baranda rakiya take yi wa gini, ita kuwa *talar* ita ce uwar ginin. Na zaɓi rumfa saboda ita ce kalmar da ta haɗa rufi, da dirkoki, da iska mai ratsawa. Sai mai karatu ya cire rumfar kasuwa daga ransa, ya sa wadda tsayinta ya kai na bene mai hawa huɗu.

Kalma ta biyu ta fi kusa da mu. A tsohon harshen Iran, wanda aka rubuta littattafan addinin Zardusht da shi, *pairidaeza* na nufin fili da aka kewaye da katanga. Girkawa suka ara suka ce *paradeisos* suna nufin lambunan sarakunan Farisa, kalmar ta shiga Larabci a matsayin *firdaus*, daga nan ta iso Hausa. Saboda haka duk lokacin da muka yi wa mamaci addu'ar Aljannar Firdausi, muna furta kalmar da asalinta sunan irin lambun da muke magana a kansa ne: katanga a waje, ruwa da inuwa a ciki.

Tsohon tushe

Ajiye ɗakin hutawa mai ginshiƙai a cikin lambu tsohuwar al'ada ce a Iran. A Pasargad, birnin da Sarki Sairus ya gina a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu haƙar kayan tarihi sun gano magudanan ruwa na dutse da suka tsaga lambu, da harsashin ƙananan gine-gine masu baranda a gefensa. A fadar Fasafolis kuwa ginshiƙan na dutse ne, wasunsu sun kusa mita 20, amma abin da aka gicciya a kansu katako ne. Wani rubutu na Sarki Dariyus a birnin Susa ya ambaci cewa daga Lebanon aka kawo masa katakon sida. Wannan katako shi ya ci wuta a shekara ta 330 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Iskandar na Makidoniya ya ƙone Fasafolis, rufin ya rufta, ginshiƙan dutse suka rage a tsaye.

Tsakanin wancan zamani da Cehel Sutun akwai kusan shekara 2,000, don haka kuskure ne a ja layi miƙaƙƙe a ce wannan ɗan wancan ne. Akwai tushe biyu da suka fi kusa. Na farko shi ne tanti. Daular Safawiyya, wadda Shah Isma'il ya kafa a 1501, ta tashi ne a kan takubban ƙabilun Turkawa makiyaya da ake kira Kizilbash, kuma sarakunanta na farko sun yi yawancin rayuwarsu a kan hanya, daga makiyayar bazara zuwa mazaunin hunturu, daga wannan yaƙi zuwa wancan. Fadarsu alfarwa ce da ake kafawa a cikin lambu ko a fili, sarki ya zauna a ƙarƙashinta, manya su jeru dama da hagu. Na biyu shi ne ginin mutanen Mazandaran da Gilan, a gaɓar tekun Kasfiyan, inda ruwan sama yake da yawa, daji ya yi duhu, kuma talaka ma da katako yake gina barandarsa. Mahaifiyar Shah Abbas na ɗaya 'yar Mazandaran ce, shi kansa ya gina fadoji a can, a Ashraf da Farahabad. Saru Taki, wanda ya zama babban waziri daga baya, ya daɗe yana gwamnan wannan yanki kafin ya dawo Isfahan, kuma a zamanin waziricinsa ne manyan rumfunan katako suka fara bayyana a fadar babban birni.

Abin da ya sa sai a wannan lokaci

Shah Abbas na ɗaya ya mayar da babban birni Isfahan a 1598. Ya shimfiɗa dandalin Nakshi Jahan, mai tsawon kusan mita 560 da faɗin 160, ya kewaye shi da kasuwa da masallatai biyu da ƙofar fada da ake kira Ali Kapu. Ya kuma buɗe titin Cahar Bag mai itatuwa da ruwa a tsakiya, wanda ya gangara har kogin Zayanda Rud. Amma shi mutum ne mai yawo. Yakan fito dandali ya shiga cikin jama'a, yakan karɓi jakada a duk inda ya ga dama, kuma ya fi zama a sansanin yaƙi da a gida.

Abubuwa uku suka sauya bayan rasuwarsa a 1629. Na ɗaya, saboda tsoron juyin mulki ya kafa al'adar tsare 'ya'yan sarki a cikin gida tare da mata da bābanni, don haka magadansa sun hau karaga ba su san fagen fama ba, talakawa ma ba su san fuskarsu ba. Na biyu, ya rage ƙarfin shugabannin Kizilbash, ya ɗaukaka bayin sarki 'yan asalin Jojiya da Armeniya da Sarkasiya, waɗanda ba su da wata daraja sai kusancinsu da sarki. Na uku, yarjejeniyar Zuhab ta 1639 ta kawo ƙarshen dogon yaƙi da Daular Usmaniyya, sarki ya daina fita yaƙi duk shekara. Sarkin da ba ya fita, kuma manyansa suna auna matsayinsu da nisan mazauninsu daga nasa, yana bukatar wurin da zai bayyana a gan shi, kowa kuma a ga inda aka zaunar da shi.

Amsar da maginan Isfahan suka bayar ita ce *talar*. A zamanin Shah Safi, wanda ya yi mulki daga 1629 zuwa 1642, aka gina Talari Tawila a kusa da bargar dawaki, da Ayina Hana, wato gidan madubi, a bakin kogi. Shah Abbas na biyu ya hau mulki a 1642 yana ɗan shekara 9, kuma a farkon mulkinsa aka ɗora wa Ali Kapu rumfa mai ginshiƙai 18 da ke kallon dandali. Cehel Sutun ita ce cikamakin wannan jeri. Wani rubutu da aka gano a jikinta a tsakiyar ƙarni na 20, bayan an kankare shafen da ya rufe shi, ya nuna an kammala ta a 1647. Masaniyar tarihin gine-gine Sussan Babaie, a littafinta na 2008 kan fadojin Isfahan, ta kafa hujja cewa waɗannan rumfuna an ƙirƙire su ne domin liyafa, kuma liyafar ita ce hanyar da sarakunan Safawiyya na wannan ƙarni suka bi wajen ɗaure manyansu da baƙinsu a jikinsu.

Yadda aka haɗa ta

Isfahan tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,500, ruwan saman da take samu a shekara bai kai milimita 200 ba, bazararta da zafi, hunturunta da sanyi mai tsanani. A irin wannan ƙasa abin da aka saba gini da shi bulo ne, rufi kuma ƙubba ce ko baka, domin dogon katako abu ne mai wuyar samu. Wanda ya tsayar da gungume 20 masu tsayin kusan mita 13 a gaban gidansa ya riga ya faɗi wani abu game da dukiyarsa tun kafin ya buɗe baki.

Itacen da aka yi amfani da shi sunansa *cinar*, babban itace mai faffaɗan ganye da ake shukawa a bakin magudanan ruwa a lambunan Iran, mai miƙewa sosai idan ya sami ruwa. An jera ginshiƙai 18 a layi uku, shida-shida, sauran biyun kuma suna bakin ɗakin da ke baya. Ba a binne gindin ko ɗaya a ƙasa ba. Kowanne yana zaune a kan dutse, kuma duk wanda ya taɓa kafa dirka ya ga abin da laima da gara suka yi mata bayan damina biyu ya san dalili. Huɗun da ke tsakiya suna kan duwatsu da aka sassaƙa da siffar zakoki, a kusurwoyin wani ƙaramin tafkin marmara, kuma a da ruwa yana fitowa daga bakunan zakokin. An fafe gungumen an daidaita su, an lulluɓe su da siraran alluna, an yi musu fenti da ado na madubi. A saman kowanne akwai kai mai faɗaɗa hawa-hawa kamar saƙar zuma, wanda ban da ƙawa yana ƙara faɗin wurin da katakon rufi zai kwanta.

Abin da mai kallo yake gani a sama shi ne silin na ƙananan katakai da aka harhaɗa cikin zanen taurari da murabba'ai, ja da shuɗi da ruwan zinariya. Abin da ba ya gani, a tsakanin silin da rufin waje, shi ne ƙashin ginin: manyan katakai a kwance daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, da wasu a karkace da suka ɗaure su. Siririn ginshiƙi mai tsayi yana iya ɗaukar nauyin da ya danno shi daga sama, amma ba ya iya tsayawa gaban iskar da ta turo shi daga gefe. Dabarar ita ce a mayar da rufin gaba ɗaya abu guda mai ƙarfi, sannan a kafe shi a jikin ginin bulo da ke baya, sai bulo ya riƙe katako kada ya karkata.

Kwatanci da ginin gargajiya na ƙasar Hausa zai taimaka. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba, amma idan aka ɗora mata nauyin ƙasa ba ta ƙetare fiye da kimanin mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. Wannan iyaka ce ta sa maginanmu suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, suna ɗaura gajerun azara ɗaya bisa ɗaya har su rufe babban soro. Maginin Isfahan ya sami dogon katako, ya kuma sauƙaƙa rufinsa, sai ya iya barin fili a buɗe ba bango. Kowannensu abin da itacen ƙasarsa ya ba shi dama ya gina.

Rumfar tana fuskantar gabas, inda tafki yake. Da safe rana takan shigo ta haska madubai, daga azahar kuma ginin da ke baya ya tare ta, inuwa ta sauka daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Iskar da ta ratso kan ruwa takan iso da ɗan sanyi. An kuma rataya manyan labule daga bakin rufi, waɗanda ake saukewa ko a naɗe gwargwadon rana da iska. Da labulen nan a sauke, da darduma a shimfiɗe, wanda ya shiga zai ga tantin kakannin sarki ne aka kafa shi da katako yadda ba za a sake naɗe shi ba.

Abin da ake yi a ciki

A bayan rumfar akwai wani ɗaki mai buɗaɗɗen gaba, an lulluɓe bangonsa da rufinsa da gutsattsarin madubi. Nan ne mazaunin sarki. Daga nan yana ganin duk wanda ke rumfar, da tafki, har ƙofar lambu. Baƙo kuwa sai ya tako tsawon tafkin nan a ƙasa, idon kowa a kansa, ginin yana ƙara girma a gabansa, kafin ya iso. Akwai jami'i na musamman mai kula da baƙi, *mihmandar*, wanda ke tarbar jakada, ya ba shi masauki, ya ciyar da shi daga baitulmali muddin yana ƙasar. Akwai kuma shugaban masu tsaron ƙofa, mai riƙe da sanda, wanda ke nuna wa kowa mazauninsa. Waziri, da shugabannin soja, da malamai, da gwamnoni, kowa da gurbinsa, kuma matsar da mutum gaba ko baya labari ne da gari zai kwana da shi.

Matafiya Turawa da suka halarci irin wannan zama, kamar Jean Chardin, Bafaranshe mai fataucin lu'ulu'u da ya zauna a Isfahan a shekarun 1660 da 1670, da Engelbert Kaempfer, likita Bajamushe da ya zo tare da ayarin jakadan Suwidin a 1684, sun bar bayani mai yawa. Ana fara zama da kayan marmari da alewa da gahawa, makaɗa da 'yan rawa suna aikinsu, sannan a shimfiɗa ƙyalle a ƙasa a kawo shinkafa dafa-duka iri-iri a akusan zinariya. Akwai giya, kuma wani lokaci sarki yakan miƙa wa baƙo ƙoƙo da kansa. A ƙarshe akan sa wa wanda aka so girmamawa rigar sarauta, kamar yadda sarki a ƙasar Hausa kan yafa wa mutum alkyabba. Wanda ya ci abincin sarki a gaban shaidu, ya sa rigarsa, ya shiga ƙarƙashin inuwarsa ke nan, kuma kowa ya gani.

Zanen da ke bangon babban ɗakin ciki ya fayyace wannan manufa. Daga cikin manyan zane shida, uku na liyafa ne, kuma a dukkan ukun baƙon sarki ne da ya rasa gadon sarautarsa. Na farko Humayun ne, sarkin Mugal na Indiya, wanda Sher Shah Suri ya kora a 1540, ya iso wurin Shah Tahmasp a 1544, aka ba shi mayaƙa, ya kama Kandahar, daga bisani ya koma Delhi a 1555. Na biyu Wali Muhammad Khan ne na Buhara, wanda ya gudo wurin Shah Abbas na ɗaya a 1611. Na uku Nadir Muhammad Khan ne na Balhu, wanda rundunar Mugal ta kora a 1646, ya zo wurin Shah Abbas na biyu, shekara ɗaya kafin a kammala ginin.

A duba yadda lamarin yake ga jakadan Indiya da aka shigo da shi wannan ɗaki. Sarkinsa Shah Jahan, mai ginin Taj Mahal, ya fi sarkin Iran dukiya da yawan jama'a nesa ba kusa ba. Amma ga mahaifin kakansa a bango, zaune a matsayin mai neman mafaka, ga kuma mutumin da sojojinsa suka kora jiya-jiya ana yi masa hidima. A lokacin Kandahar tana hannun Mugal tun 1638, da gwamnanta Ali Mardan Khan ya miƙa musu ita. A 1649 Shah Abbas na biyu ya ƙwato ta, Mugal suka kawo hari sau uku, a 1649 da 1652 da 1653, ba su iya karɓe ta ba. Zanen ma yana faɗin abin da Isfahan take ganin haƙƙinta ne.

Ginin ya ga wani biki na daban a 1668. Ɗan Shah Abbas na biyu ya hau mulki a 1666 da sunan Safi na biyu, sai rashin lafiya ta kama shi, ga tsadar abinci da annoba a ƙasa. Masu duban taurari na fada suka ce an naɗa shi a sa'a marar kyau. Aka sake naɗa shi a Cehel Sutun a ranar Nairuz, sabuwar shekarar Farisa, da sabon suna, Sulaiman.

Gobara, yunwa da rushewa

Shah Sultan Husain ya hau mulki a 1694, kuma a farkon zamaninsa, bisa shawarar babban malami Muhammad Baƙir Majlisi, ya hana giya, aka fito da kwalaben fada aka farfasa a dandali. Hanin bai daɗe ba. A 1706 wuta ta kama Cehel Sutun. Akwai labarin da marubutan Turai suka yi ta maimaitawa, cewa sarkin ya hana a kashe ta yana cewa ba zai ja da hukuncin Allah ba. Ko ma yaya aka yi, shi ne ya sa aka gyara ta, don haka wani ɓangare na katakon da ake gani yau na zamaninsa ne.

Shekara 16 bayan haka abin da ya fi gobara ya zo. Kandahar ɗin nan da aka yi ta ja a kanta ta yi tawaye, Mahmud Hotak ya fito daga cikinta da mayaƙan Afgan, ya karya rundunar sarki a Gulnabad a watan Maris na 1722, ya kewaye Isfahan har watan Oktoba. Yunwa ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a birnin da aka san shi da akusan zinariya, sarki ya fita da kansa ya miƙa wuya. Bahaushe yana cewa inuwar giginya na nesa ka sha, kuma akwai abin dubawa a nan: fadar da ta ƙware wajen saukar sarakunan wasu ƙasashe ta bar sojojinta ba albashi, ta bar lardunanta a hannun gwamnoni masu tsanani. Ba rumfar ce ta kayar da daular ba, amma tsarin da ya sa sarki yake ganin duniya daga ɗakin madubi kawai yana da hannu.

Bayan faɗuwar Safawiyya babban birni ya bar Isfahan. Waɗanda suka biyo baya sun ƙara zane biyu a babban ɗakin, na yaƙin Caldiran na 1514 da na yaƙin Karnal na 1739, inda Nadir Shah ya ci Mugal. A ƙarshen ƙarni na 19 birnin yana hannun Zillus Sultan, ɗan Nasiruddin Shah na daular Ƙajar, kuma a zamaninsa aka rushe gine-ginen Safawiyya da dama, har da Ayina Hana. Talari Tawila ma babu ita yau. Cehel Sutun ta tsira saboda ana amfani da ita wajen aikin mulki, ko da yake an shafe wasu zanenta da farar ƙasa, madubin ginshiƙanta kuma ya zube.

Gyara na sosai ya zo daga 1964, lokacin da hukumar adana kayan tarihi ta Iran ta haɗa hannu da cibiyar IsMEO ta Italiya, aikin da Eugenio Galdieri ya yi fice a cikinsa. An kankare shafen da ya rufe zane, an ƙarfafa rufi, an kuma tsaga wasu ginshiƙan katako biyu, aka rarake cikinsu, aka sa ƙarfe, aka mayar aka haɗe yadda ido ba zai gane ba. Gyaran Ali Kapu da Cehel Sutun da Hasht Bihisht ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1980. A 2011 hukumar UNESCO ta sa lambun cikin jerin lambunan Farisa guda 9 da ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Kammalawa

Daga cikin manyan rumfunan katako da aka gina a fadar Isfahan tsakanin shekarun 1630 da 1647, biyu ne suka rage, ta Ali Kapu da ta Cehel Sutun. Dukkansu sun kai yau ne domin a kowane zamani an sami wanda ya ga amfanin ya toshe yoyon rufi, ya sauya katakon da ya ruɓe. Dutse yakan jure sakaci na ƙarnoni, kamar yadda ginshiƙan Fasafolis suka nuna, katako kuwa shekaru kaɗan na rashin kulawa sun ishe shi.

Ga ɗalibin tarihi, darasin hanya ce ta karatu. Idan ka tarar da wurin saukar baƙi, na sarki ne ko na mai unguwa, tambayi inda mai gida yake zama, da nisan da baƙo zai taka kafin ya iso gare shi, da wanda ke nuna wa mutane mazauninsu, da abin da aka rataya a bango domin baƙo ya gani. Ga ɗalibin harshe kuma ga aiki: ɗauki kalmomin nan biyar, rumfa da zaure da soro da baranda da alfarwa, ka rubuta sakin layi ɗaya a kan kowacce, ka nuna wa ake karɓa a cikinta, wa kuma ba a karɓa, sannan ka yanke hukunci ko rumfa ce ta dace da *talar* kamar yadda na zaɓa, ko akwai wadda ta fi ta.